Tayin Agha na Uku

Ranar Talata da hantsi ina tsaye a gaban mai kifi a kasuwar Woolwich, ina jira ya gama yanka mini, sai wayata ta yi ƙara. Shirin ce, 'yar Agha. Da ma tun watan jiya duk na ga sunanta sai gabana ya faɗi, amma kullum sai ya zama saƙo ne daga babanta, ko an ɗinke ragar da ta yage, ko wane ya warke daga targaɗe. Wannan karon ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Dakta, Baba ya tafi. Bayan asuba, ina riƙe da hannunsa." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, na juya na bar kifin a kan sikeli. Mai kifin yana ta kirana, ban waiwaya ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi mini kyau ba. Kafin in isa tashar jirgi, abin da ya fara zuwa zuciyata ba shekarun da muka yi tare ba ne, ba kuma marainiyar da ya bari ba. Usur ɗinsa ne, wani tsohon usur na ƙarfe da ya sha hannu har ya yi santsi, an rataye shi da igiyar takalmi. Sau biyu ya miƙo mini shi a rayuwarsa, wato in karɓi ƙungiyar ƙwallon da muka daɗe muna horarwa tare, sau biyu na ƙi. A al'adar mutanensu tayin gaskiya sai na uku, ga shi ya tafi bai yi na ukun ba. Na zauna a benci na yi kuka, rabi na rashinsa, rabi na tambayar da nake ganin babu sauran mai amsa mini ita: ya yarda da ni, ko kara kawai ya yi mini?

Ga wanda bai san shi ba, Agha mutumin Iran ne, kuma ba sunansa na yanka ke nan ba. A harshensu kalmar girmamawa ce, kamar yadda muke cewa Malam, mu kuwa muka riƙe ta har sunan nasa ya ɓace a bakinmu. Ni ma ba dakta ba ne. Gashin ƙashi nake yi a wani asibiti a kudancin Landan, amma Hausawan Woolwich ba su da lokacin wannan bambancin, duk mai farar riga dakta ne. A ɗakin gashin na fara ganinsa, dogon dattijo mai furfura, tsaf da shi, ya shigo yana ɗingishi amma ya ƙi riƙe sanda. Da ya naɗe wando na ga gwiwarsa ta dama duk tabon ɗinki, kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na tambaye shi abin da ya same ta. Ya ce, "Na ɗan buga ƙwallo da ƙuruciya." Na ce a raina, wa bai buga ba.

Ina ajiye fulas na shayi mai citta da kanumfari a gefen teburina. Ran farko na ce masa bismillah. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya gode, ba ya buƙata. Na zuba nawa na shanye. Haka muka yi sati shida, kullum in yi tayi sau ɗaya, ya dafa ƙirji, in sha abina a gabansa. Ranar da zan sallame shi, ya sa takalmi ya miƙe, sannan ya ce, "Dakta, hannunka yana da albarka, amma tarbiyyarka da saura. Sati shida ƙanshin shayin nan yana neman kashe ni."

A ranar ya bayyana mini abin da suke kira ta'arof. A wurinsu mai mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko, domin mai yiwuwa ladabi ne kawai ya sa aka yi masa. Na biyu ma ba ya karɓa. Idan mai tayi ya dage har sau uku, to an san da gaske yake, a lokacin ne ƙi yake zama cin fuska. Kunya ta kama ni har kunne, domin ba baƙon abu ba ne a gare ni. A gidanmu a Kano, baƙo ya ce ya ƙoshi ka ɗauke kwano, sai ka sha mari wajen uwarmu kafin baƙon ya kai zaure. Zaman Landan ne ya koya mini cewa a'a tana nufin a'a, na kuwa haddace darasin fiye da Turawan da suka koyar da shi. Na zuba masa shayi a kofi, ya ƙi, na sake, ya ƙi, na sake, ya karɓa ya shanye, ya miƙo a ƙara.

A lokacin ina riƙe da wata ƙungiyar unguwa da ke wasa ranar Asabar a filin gwamnati kusa da kogi. 'Yan wasanmu magidanta ne da samari masu aiki: masu gadi, masu kai kaya gida-gida, masu kula da tsofaffi, ɗalibai biyu ko uku. Akwai 'yan Najeriya da 'yan Gana da Somaliyawa. Mai taimaka mini shi ne Baba Isa, mutumin zangon Kumasi da ke gadi a wani ofishi a Charing Cross, shi yake wanke jesi, shi yake kawo ruwa, shi kuma yake faɗa mini gaskiya ba tare da na nema ba. Shan kashi kuwa ya zame mana abincin mako. Na gayyaci Agha ya zo ya gani, kuma tunda na yi karatu, sai da na gayyace shi sau uku. Ya zo ya tsaya a bakin layi, hannuwa a baya, har aka tashi an ci mu huɗu. Na tambaye shi me ya gani. Ya ce, "Mutanenka sun fi tsoronka a kan abokan karawarsu. Duk wanda ƙwallo ta zo masa, kai yake fara duba."

Ya yi kusan wata biyu yana zuwa, yana jera mana robobin atisaye, yana tsince kwalabe bayan wasa, ba wanda ya san ko shi wane ne. Wata Asabar wani direban tasi ya sauke fasinja a bakin filin, ya ɗaga kai, sai ya daskare. Ya fito ya bar ƙofar mota a buɗe da inji a kunne, ya ratsa tsakiyar fili ana cikin wasa, ya zo ya kama hannun Agha yana neman ya sumbace shi, Agha yana janyewa. Mutum ne mai furfura shi ma, yana kuka yana magana da Farisanci. Baba Isa ya matso kusa da ni ya ce, "Dakta, wannan tsoho wane ne shi? Kar dai waliyyi muka sa tsintar kwalba."

Direban ne ya ba mu labari, Agha yana gefe yana duban takalmansa kamar wanda aka kama da laifi. Ya ce wannan mutumin shi ne kyaftin ɗin babbar ƙungiyar birninsu, shi ne kyaftin ɗin ƙasarsu shekaru da dama, mai tsaron bayan da ake rera sunansa tun kafin a buɗe ƙofar filin wasa. Ya ce yana yaro ubansa ya kai shi kallon wani babban wasa tsakanin manyan ƙungiyoyin birnin biyu. Ɗan gaban abokan hamayya ya shigo da kafaɗa a ɗaure, kowa ya san ciwo gare shi, kowa kuma ya san abin da ya kamata a yi masa. Agha ya tsare shi daga farko har ƙarshe bai taɓa bangazar wannan kafaɗar ba, sai ya zagaya ta ɗaya gefen. Daf da tashi mutumin ya zille ta wajen da Agha ya ƙi taɓawa, ya ci, aka tashi a haka. Direban ya ce, "Mun zage shi ranar. Ni ma na zage shi, da bakin nan. Tun da na yi hankali nake neman inda zan ba shi haƙuri." Agha ya dafa shi ya ce ya je ya kashe motarsa kafin a ba shi takardar tara.

Da na koma gida na bincika a waya. Ga shi nan a tsofaffin hotunan da launinsu ya koɗe, saurayi mai baƙin gashi, jama'a maƙil sun ɗaga shi sama. Na tuna yadda na riƙa murɗa wannan gwiwar ina ce masa ya daure, ai ba wani abu ba ne, har ina ba shi labarin yadda na ci ƙwallo biyu a gasar makarantarmu ta sakandare. Ya saurare ni har ƙarshe a ranar, ya ce lallai na ƙware.

Sauran tarihin a gutsure na same shi, domin ba mai son ba da labarin kansa ba ne, sai ka yi ta jan zare. Ubansa mai gasa gurasa ne a unguwar talakawa a kudancin Tehran. Ƙwallonsu ta farko ta roba ce mara nauyi, wadda iska ke ɗauka, sai su tsaga wata su cusa sabuwa a ciki don ta yi nauyi, su jera tubali biyu a lungu su ce raga ce. Na ce masa mu tsumma muke ɗaurewa, ya ce to ashe gidanmu ɗaya. Ubansa bai so ƙwallo ba, kokawa ya so masa, yakan kai shi gidan motsa jiki irin nasu na gargajiya, inda ake yin ƙofa gajera da gangan. Kokawar ba ta zauna masa ba, amma ƙofar ta zauna. Har ya tsufa, duk filin da zai shiga sai ya sunkuya a bakin layi ya taɓa ciyawa, ko da gwiwar tana ƙara. Yakan ce, "An gajarta ƙofa ne don gwani ya shiga a sunkuye."

Gwiwar ce ta raba shi da wasa tun da sauran ƙarfinsa. Ya koma koci a ƙungiyar da ta raine shi, ya ɗauki kofuna da ita, ya fito da samari da yawa waɗanda daga baya suka bugawa ƙasarsu. Barinsa aiki ma labari ne. Wani babban mutum ya aiko a saka ɗan ɗan'uwansa a cikin 'yan wasa, aka nuna wa Agha yaron da za a cire don a ba shi wuri, ɗan wani mai wankin mota. Agha ya ajiye makullin ofis a kan tebur, ya ɗauki usur ɗinsa ya fita, bai sake komawa ba. Bayan wasu shekaru matarsa ta kwanta ciwo, ya kawo ta Landan inda Shirin ke karatu, a nan ta rasu, a nan aka binne ta. An yi ta aiko masa daga gida ya koma, wasu da aikin koci, wasu da aikin sharhi a talabijin. Ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a ƙasar da ba ta iya harshenta ba. Haka mutumin da dubban mutane ke rera sunansa ya ƙare a ɗan ƙaramin gidan bene a Woolwich, yana shiga bas da katin tsofaffi.

Da ya karɓi horon ƙungiyarmu, ni na koma mataimaki, kuma ban taɓa jin an rage mini komai ba. Abu na farko da ya yi shi ne ya sayo ƙwallayen roba na yara, ya tsaga ya cusa, ya ce magidanta su buga da su a ɗan ƙaramin da'ira. Suka yi ta gunaguni, amma bayan wata uku ƙafafunsu suka yi laushi. Ba ya ɗaga murya. A atisayen awa biyu da wuya ya busa usur sau uku, idan ya busa kuwa kowa tsayawa yake cak. Ni kuwa Allah ya yi ni da maƙogwaro, idan na fara ihu har masu kamun kifi a bakin kogi suna juyowa. Yakan bar ni in gama, sannan ya ce, "Dakta, ƙwallo ba ta jin tsawa." Wata rana kuma ya ce, "Wanda ya yi kuskure ya riga ya sani. Kai gaya masa abin da bai sani ba." Bayan kowane wasa, ko an zalunce mu, sai ya je ya gaisa da alƙalin wasa, kuma shi ne na ƙarshen fita daga ɗakin canja kaya, da tsintsiya a hannu.

Idan azahar ta riske mu a fili, mukan shimfiɗa riguna a bayan raga mu yi salla. Shi yakan fito da ɗan dunƙulen yumɓu ya ɗora goshi a kai, irin na mutanensu. Baba Isa ya yi ta hararar abin nan kusan shekara guda. Ban san ranar da suka shirya ba, na dai wayi gari na ga Baba Isa ne yake ajiye masa shi a aljihun jakar jesi, a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta, kuma kaiton wanda ya ɗora takalmi a kan jakar.

Ba zan ce ba shi da aibu ba, shi kansa ba zai so in faɗi haka ba. Taurin kai gare shi. Idan ya yi fushi ba ya faɗa, sai ya yi maka shiru na sati guda, wanda ya fi zagi ciwo. Bai taɓa yafe wa tsohuwar ƙungiyarsa ba, ko a talabijin aka nuno ta sai ya tashi ya shiga kicin. Ya raina shinkafarmu, ya ce mun iya dafa komai ban da ita, duk da haka ba ya barin ko ƙwaya a farantin matata Binta. Babban laifinsa a wurina shi ne ya yi wa ciwo kara. Wata da watanni cikinsa yana damunsa, na tambaye shi ya ce lafiya lau, Shirin ta tambaya ya ce lafiya lau, har abin ya yi nisa. Wannan har yau ina jin haushinsa.

Tayin farko ya zo ne ranar da muka ɗauki kofinmu na farko, ɗan ƙaramin kofin ƙungiyoyin yankinmu, wanda a wurinmu ya fi na duniya. Kowa ya watse, saura ni da shi a ɗakin canja kaya. Ya cire usur daga wuyansa ya miƙo mini, ya ce ya tsufa, lokaci ya yi. Na mayar da hannuwana baya na ce, "Agha, a wurinmu ba a cin gadon mai rai. Ba a zama kujerar babba yana numfashi." Ya dube ni ya daɗe, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya gyaɗa kai ya mayar da shi wuya, muka ci gaba da shara. Ban damu ba a lokacin, tayin farko ne, ni da shi mun san ƙa'ida.

Sai na yi abin da ya sa na fara shakkar kaina. A kakar da ta wuce, ciwo ya riga ya kama shi sosai, yana zaune a benci cikin bargo, ni nake tsaye a bakin layi. Wasan kusa da na ƙarshe ne. Nura, mai tsaron bayanmu, magidanci mai aikin ɗaukar kaya a wani sito, ya zo fili kai tsaye daga wurin aiki bai runtsa ba. Saura kaɗan a tashi ya mayar wa gola ƙwallo ba ƙarfi, aka tare aka ci mu. Na buɗe baki da Hausa, a gaban kowa, matarsa tana tsaye da 'yarsu a kafaɗa, na ce, "Ka koma ɗaukar kwali, shi ka iya." Nura ya cire jesinsa ya ninke ta da kyau, ya ajiye a gaban Baba Isa, ya karɓi 'yarsa suka tafi. Agha ba ya jin Hausa, amma bai nemi fassara ba.

Ya yi mini shirun nasa na kwana tara. A na goma na je gidansa na ce na riga na je Barking wajen Nura, matarsa ta ce barci yake, alhali ina jin muryarsa a ciki. Agha ya ce, "Sau nawa ka je?" Na ce sau ɗaya. Ya ce, "To ba ka je ba." Na sake hawa jirgi na koma. Wannan karon Nura ya fito bakin ƙofa ya ce, "Dakta, it's fine, ya wuce, kar ka damu." Na kawo wa Agha albishir. Ya ce, "Ya ba ka shayi?" Na ce a'a. Ya ce, "To bai wuce ba." A zuwa na uku na ce ba zan tsaya a ƙofa ba. Na shiga na zauna a ƙasa, na ce a kira mini matarsa, tunda a gabanta na ci mutuncinsa, a gabanta zan ba shi haƙuri. Na girme shi da shekara ashirin da wani abu, kuma ban taɓa yin abu mai nauyin wannan ba. Sai Nura ya ce wa matarsa ta ɗora ruwan zafi. Asabar ta gaba ya zo fili.

Bayan haka da sati biyu Agha ya yi tayi na biyu. Yana kwance a doguwar kujera, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu. Ya zaro usur daga aljihun rigar barci ya miƙo. Zuciyata ta ce mini tausayi ne, ko kuma ladabi, domin wa zai damƙa amanar mutane ga wanda ya gama nuna halinsa a bainar jama'a? Na ce, "Sai ka warke, Agha. Kai za ka busa abinka." Ya mayar aljihu. Daga ranar na zauna jiran na uku. Wata biyu ina zuwa duk Laraba da Lahadi, in gasa masa ƙafa, mu yi hirar 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, wane yana buƙatar a yaba masa, wane sai an ƙyale shi. Ina ganin igiyar takalmin tana leƙowa daga aljihunsa, bai sake taɓa ta ba. Binta ta ce, "Ka tambaye shi mana. Bakin da ba ya shiru a fili, a nan ne ya mutu?" Na ce ba a roƙon irin wannan. Gaskiyar ita ce tsoron amsar nake ji.

An yi jana'izarsa ranar Alhamis, aka kwantar da shi kusa da matarsa. Mutanen Iran sun zo daga garuruwa da yawa, tsofaffi da sanduna, wasu riƙe da hotonsa na samartaka. Direban tasin nan yana cikinsu. Amma da aka zo ɗaukar makara, Shirin ta ce 'yan ƙungiyarsa ne za su ɗauka, haka ya bar wasiyya. Masu gadi da masu kai kaya suka sa kafaɗa, Nura a gaba ta dama. Na ga wani dattijo cikin baƙin kwat yana tambayar na kusa da shi ko su wane ne waɗannan, aka ce masa 'yan wasansa ne.

Su ma suna zaman bakwai kamar mu. Muka taru a gidan, ana zagayawa da dabino da alewarsu da shayi, ana karatun Alƙur'ani. Baba Isa ya zo inda nake ya ce, "Dakta, 'yarsa yana kiran ka a kitchen." Na tashi, ya biyo ni ba tare da an gayyace shi ba, kamar yadda ya saba. Shirin tana tsaye, hannunta a dunƙule. Ta ce, "Baba ya bar mini saƙo, ya sa na maimaita masa har sau biyu don kar in ɓata. Ya ce in gaya maka wannan ne na uku." Ta buɗe hannu, ga usur da igiyarsa.

Da ƙyar na ce, me ya hana shi ya ba ni da kansa, wata biyu ina zaune a gabansa? Ta ce ita ma ta tambaye shi. Ya ce mata, "Mutanen Dakta ba sa cin gadon mai rai, shi ya gaya mini. Idan na ba shi na uku ina numfashi zai ƙi, bayan na uku kuwa babu wani tayi. Ki riƙe sai na tafi." Ta ce ya yanke shawarar tun ranar da na dawo daga Barking na ce masa an ba ni shayi.

Ashe duk watannin da na yi ina auna shi da al'adarsu, shi yana kiyaye mini tawa. Maganar da na faɗa sau ɗaya a ɗakin canja kaya, da tsintsiya a hannu, ya riƙe ta shekaru, ya kuma gwammace in yi masa mummunan zato a kan ya sa ni a inda zan ƙi. Duk da haka, saboda sabo, sai na ji bakina ya fara cewa, "A'a, ai ni ban isa…" Baba Isa ya daka mini gwiwar hannu a haƙarƙari ya ce, "Dakta, rufe bakinka, miƙa hannu." Na miƙa hannu biyu.

Asabar ɗin da ta wuce na sunkuya a bakin layi na taɓa ciyawa kafin in shiga. Na busa usur sau huɗu a atisayen awa biyu, Baba Isa ya ƙirga, ya ce na wuce da ɗaya. Sau ɗaya ihu ya taso mini har maƙogwaro, Nura ya juyo ya dube ni, na haɗiye.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, ɗan mai gurasa wanda ka ɗaukaka bai ɗaga kai ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da matar da ya ƙi bari ita kaɗai a cikin rahamarka. Yadda ya ƙi taɓa kafaɗar mai ciwo alhali yana da iko, kar ka taɓa shi ta inda yake da rauni. Ka ba Shirin haƙuri, ka zame mata uwa da uba a ƙasar da ba ta da kowa sai kai da mu, ka sa ƙofofinmu su zama nata, ka kuma ba mu hankalin yi mata tayi har sau uku. Ni kuma da ya rataya wa wannan amana, ka riƙe mini harshena. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, mu shiga a sunkuye. Amin.